WUƘA MAI KUBE DA WUƘA MAI NAƊEWA: TARIHINSU, DA ABIN DA YA HAƊA SU DA WAYARKA



Yau ba satin waya za mu taɓa ba. Tarihi za mu ɗan leƙa, na wani kayan aiki da ya girmi kowace na'ura da ke aljihunka, wato wuƙa. Kar ka ce me ya kawo wuƙa shafin fasaha. Ita ma fasaha ce, kuma idan ka karanta har ƙarshe za ka ga inda ta haɗu da wayar da kake riƙe da ita yanzu.

WUƘAR MAƘERANMU

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Masu binciken kayan tarihi sun gano wurin narka tama a Dutsen Dala, wanda aka ƙiyasta shekarunsa tun wajen ƙarni na 7. Tarihin baka ma ya nuna cewa Abagayawa, waɗanda ke cikin mazaunan farko na birnin, zuriyar wani maƙeri ne mai suna Kano da ya taso daga Gaya yana neman tama.

Wuƙar da maƙeranmu suka saba ƙerawa guda ɗaya ce miƙaƙƙiya: ruwanta da gindinta ƙarfe ɗaya ne, a cusa gindin cikin ƙota, baduku ya ɗinka mata kube. Da irinta mahauci yake fiɗa, da ita ake yankan layya, da ita mai rake yake fere maka a kasuwar Getso ko Gwarzo ko Kabo. Matafiya kuma, musamman Buzaye, suna da ƙarama wadda ake ɗaurawa a hannu.

Ƙarfen Turai ya daɗe da shigowa. Lokacin da Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa ana shigo da ruwan takubba masu yawa ta Sahara, galibi ƙirar garin Solingen na Jamus, a nan Kano ake yi musu ƙota da kube. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje ya yawaita, ya yi araha, har narka tama ya mutu a hankali. Amma ƙira ba ta mutu ba. Maƙera sun koma kan tsofaffin ƙarafa, shi ya sa har gobe wuƙar da aka ƙera da sifirin ɗin mota take da farin jini, saboda tana riƙe kaifi.

WUƘA MAI NAƊEWA

Ita ma tsohuwa ce. An tono irinta a Hallstatt ta ƙasar Ostiriya, wadda aka yi ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Rumawa ma sun yi amfani da ita. Amma sai a ƙarshen ƙarni na 19 manyan sunayen da aka sani yau suka fito.

A 1884 Karl Elsener ya buɗe shagonsa a garin Ibach na Suwizalan, a 1891 ya fara kai wa sojojin ƙasar wuƙar aljihu mai ɗauke da sukudireba da mabuɗin gwangwani. Shi ne kamfanin Victorinox na yau. A 1890 Joseph Opinel ya fara tasa a Faransa, mai ƙotar itace. Sai a 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle ruwan don kar ta rufe a kan yatsa. Ka lura da wannan: shekara 65 ana sayar da ita kafin a magance wannan matsalar.

Wadda aka yi musamman domin kasuwar Afirka ita ce Okapi. An fara ta a Solingen a 1902, a 1988 aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu. Faransawa kuma suna da Douk-Douk tun 1929, wadda ta samu kasuwa a Arewacin Afirka da sauran ƙasashen da suka mallaka.

TO WACE CE TA FI?

Amsar tana wuri ɗaya: gaɓa. Mai naɗewa tana da ƙusa a tsakiya wadda ruwan yake juyawa a kanta. Wannan ƙusar ita ce amfaninta, ita ce kuma rauninta.

Amfanin shi ne ƙotarta ce kubenta. Ka naɗe ka jefa aljihu, ba ta yanka ka, ba ta tsorata kowa. Don yanke igiya, fere mangwaro, buɗe kwali ko feƙe fensir, ta wadatar.

Raunin kuma, duk ƙarfin da ka danna a kan ƙusar nan yake sauka. Yau da gobe sai ta fara girgiɗi. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓar, jini da kitse suna maƙalewa a inda ruwa ba ya kaiwa, tsatsa ta biyo baya. Idan kuma ba ta da makulli, ko makullin na jabu ne, za ta iya rufewa a kan yatsunka kana tsakiyar aiki.

Mai kube ba ta da wannan matsalar, don babu abin da ke motsi a jikinta. Wankinta sauƙi, wasa ta sauƙi, idan ƙotar ta fita maƙerin unguwa zai mayar maka. Shi ya sa da wuya ka ga mahauci yana fiɗa da mai naɗewa. Nata aibin shi ne idan kuben ya ɓata ko ya yage ta zama haɗari, kuma ba abin yawo da shi ba ne a gari.

A taƙaice: aikin nama, gona da kicin, mai kube. Ƙananan buƙatu, mai naɗewa mai makulli.

INDA TA HAƊU DA WAYA

Ka tuna wayoyin nan masu buɗewa da rufewa, irin su Motorola Razr ta 2004? Tambayi duk wani tsohon mai gyara, zai gaya maka ciwonsu: fleks ɗin da ya ratsa ta gaɓa shi ke karyewa, sai ka ga waya tana ƙara amma sikirin ya yi fari ko duhu. A 2019 Samsung ya shirya fitar da Galaxy Fold a watan Afrilu, amma sai da ya ɗage zuwa Satumba, bayan sikirin ɗin wayoyin gwaji sun lalace, ciki har da wadda datti ya shiga ta gaɓarta. Ka ga ciwon wuƙar aljihu ne ya dawo a waya mai tsada. An inganta su sosai daga baya, amma idan za ka sayi mai naɗewa ta hannu a Farm Centre, gaɓar za ka fara dubawa: ka buɗe ka rufe sau da yawa, ka saurari ƙara, ka duba layin tsakiyar sikirin.

Abu na biyu, don Allah kar ka buɗe waya da wuƙa, kowace iri ce, ko reza. Wayoyin yanzu da gam ake manne bayansu, batirin kuma yana kwance dab da murfin. Batirin litiyom a cikin siririyar leda yake, faranti-faranti ne da wata 'yar fata ta raba su. Tsinin ƙarfe ya huda wannan fatar, sai su haɗu, zafi ya tashi nan take, hayaƙi ya biyo, wani lokaci har da wuta. Ko batirin ya tsira, za ka iya yanke fleks ɗin na'urar karanta yatsa. Masu gyara ɗumama gam ɗin suke yi ya saki, sannan su bi gefe da siririyar roba. Idan batirinka ya kumbura, kar ka huda shi wai iska ta fita. Ka daina caji, ka kai shago.

Na ƙarshe, zamani ya canja wa wuƙa matsayi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka an hana shiga jirgin sama da wuƙar aljihu a jakar hannu, abin da ya girgiza cinikin kamfanonin Suwizalan. Mu kuma a nan, faɗan daba da ƙwacen waya sun sa duk matashin da aka samu da wuƙa a jiki cikin gari, musamman da dare, zai sha tambayoyi, ko da niyyarsa fere rake ne. Kakanninmu sun rataya ta ne saboda tafiyar daji. Kai da za ka hau mota daga Getso zuwa cikin birni, bar ta a gida ko a wurin sana'a.

Wace iri kake amfani da ita a wurin aikinka? Ka tura wa wanda ka san yana buɗe wayarsa da reza. Allah Ya tsare mu.