Yadda garkuwar jiki ke yaƙar abinci a cikin hanji

Hanjin ɗan Adam na ɗauke da kaso mai yawa na ƙwayoyin garkuwar jiki, kuma aikinsu shi ne tantance duk abin da ya ratsa, su hallaka ƙwayoyin cuta, su ƙyale abinci ya wuce.

Borin jini na abinci yakan auku ne idan wannan tantancewa ta kuskure, har jiki ya ɗauki sinadarin furotin da ke cikin gyaɗa ko madara ko ƙwai ko kifi tamkar abokin gaba.

Matakai biyu

A jikin mai lafiya, wasu ƙwayoyi da ke bangon hanji kan ɗauki ɓurɓushin abinci su gabatar da shi ga ƙwayoyin da ake kira T. Daga cikin waɗannan akwai masu tsawatarwa, waɗanda ke hana sauran kai hari. Gano muhimmancinsu na daga cikin dalilan da suka sa Shimon Sakaguchi na Japan da Amurkawa biyu, Mary Brunkow da Fred Ramsdell, suka samu lambar yabo ta Nobel a shekarar 2025.

Idan tsawatarwar ta gaza, sai jiki ya ƙera wani makamin garkuwa mai suna IgE domin wannan abinci kaɗai. Makamin kan manne a jikin ƙwayoyin mast, waɗanda Bajamushe Paul Ehrlich ya fara bayyanawa a shekarar 1878. A wannan mataki mutum ba ya jin komai.

Ranar da ya sake cin abincin, cikin mintuna kaɗan ƙwayoyin mast kan zubo da sinadarin histamin da makamantansa. Tsokar hanji ta murɗe, ruwa ya kwararo cikinsa, sai ciwon ciki da amai da gudawa, galibi cikin sa'o'i biyu.

Idan abin ya game jiki, maƙogwaro na iya kumbura, bugun jini ya faɗi. Wannan hali na iya kisa, kuma maganinsa na farko shi ne allurar adirenalin ba tare da ɓata lokaci ba.

Nau'in da ke jinkiri

Akwai nau'o'in da IgE ba shi da hannu sosai a cikinsu. Wasu jarirai kan yi amai mai tsanani sa'a ɗaya zuwa huɗu bayan shan madarar shanu. A wasu mutanen kuma, ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ne ke taruwa a bututun da ke kai abinci ciki, har haɗiya ta yi wuya.

Kumburin ciki da manya da yawa ke fama da shi bayan shan madara wani abu ne daban. Ƙarancin sinadarin narkar da sukarin madara ne ke haddasa shi, kuma babu ruwan garkuwar jiki.

Alaƙa da tsutsar ciki

Kimishige Ishizaka da matarsa Teruko ne suka gano IgE a Amurka a shekarar 1966, wasu masana a Suwidin kuma suka cimma sakamako iri ɗaya a daidai wannan lokaci. Masana na ganin cewa ɗaya daga cikin ayyukansa na asali shi ne yaƙi da tsutsotsi.

Wannan na da tasiri kan gwaji a Afirka. Wani bincike kan 'yan makaranta a Ghana, da aka buga a shekarar 2013, ya sami yara da dama masu IgE na gyaɗa a jininsu alhali suna cin ta lafiya, kuma ya danganta hakan da cutar tsargiya. Don haka gwajin jini kaɗai bai isa a haramta wa yaro kunun gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ba, sai likita ya haɗa da tarihin alamomin.

Riga-kafi da magani

A da, likitoci a Amurka da Birtaniya kan shawarci iyaye su jinkirta bai wa yara gyaɗa. Wani bincike da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan kan jarirai 640, wanda aka buga a shekarar 2015, ya nuna cewa fara ba su ita da wuri ya rage kamuwa da kimanin kashi 80 cikin 100.

A shekarar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar omalizumab, wadda ke ɗaure IgE kafin ya kai ga ƙwayoyin mast. Allurar na rage haɗarin cin abincin bisa kuskure, amma ba ta warkar da cutar, don haka ƙaurace wa abincin na nan a matsayin babbar kariya.