Tukunya da Tarihi: Tsokaci a Kan Wani Labarin Zane na Ƙasar Japan

Duk mai nazarin adabin Japan na zamani ba zai tsallake manga ba, wato labaran da ake tsarawa da zane-zane a mujallu kafin a tattara su a littafi. Wanda za mu duba a nan shi ne Kino Nani Tabeta?, ma'ana "Me ka ci jiya?", na marubuciya Fumi Yoshinaga, wanda ya fara fitowa a mujallar Morning ta kamfanin Kodansha a 2007. Taurarinsa maza biyu ne masoyan juna, masu zama gida ɗaya a Tokyo: Shiro Kakei, lauya, da Kenji Yabuki, mai gyaran gashi. Dukkansu sun haura arba'in tun daga babi na farko.

Labarin ya sha daga ƙoramu biyu. Ta farko ita ce ta soyayyar maza da marubuta mata suka ƙago a shekarun 1970, irin su Moto Hagio a 1974 da Keiko Takemiya a 1976. Taurarinsu samari ne a makarantun kwana na Jamus da Faransa, kuma mutuwa ba ta nisa da su. Ta biyu ita ce ta labaran girki. Oishinbo na 1983 ya mai da abinci fagen takara tsakanin uba da ɗa. Cooking Papa kuwa, wanda ya ɓulla a 1985 a ita wannan mujalla ta Morning, labarin magidanci ne gwanin girki da ya daɗe yana ɓoye wa abokan aikinsa cewa shi ke shiga kicin. Bayan shekara 22, sai ga Shiro a shafukan mujallar: girkinsa ba abin kunya ba ne, wanda yake girka wa shi ne sirrin da bai faɗa a ofis ba.

Yoshinaga ta zubar da mutuwar ƙuruciya, ta zubar da takara, ta bar cefane. Shiro ya ƙayyade wa gidan yen 25,000 a wata domin abinci, yana farautar rangwame a kanti, har ya taɓa raba kankana biyu da wata matar aure da bai sani ba saboda ta yi wa gidansa girma, daga nan zumunci ya ƙullu. Mai karatu zai ɗauka rowa ce. A ganina tsoro ne: ba shi da ɗa da zai kula da shi in ya tsufa, kuma doka ba ta san Kenji a matsayin iyalinsa ba. Taurarin suna tsufa tare da masu karatu, don haka zancen furfura da ciwon iyaye da gado ya riƙa shigowa tsakanin miya da shinkafa.

A wajen littafin ma al'amura sun motsa. A 2015 gundumomin Shibuya da Setagaya suka fara ba irin waɗannan mutane takardar shaidar zaman tare, wadda ba ta da ƙarfin aure. A 2021 kotun Sapporo ta ce hana su aure ya saɓa wa tsarin mulki. Littafin ya ci lambar yabo ta Kodansha a 2019, shekarar da tashar TV Tokyo ta mai da shi wasan kwaikwayo, inda Hidetoshi Nishijima ya fito a Shiro, Seiyo Uchino kuma a Kenji.