Ciwon BPD da Gwajin EEG: Me Sakamakon Yake Nufi?

BPD larura ce da ke hana yanayin zuciya da ɗabi'ar mutum daidaituwa. Mai ita yakan yi saurin fushi, yanayinsa ya sauya cikin sa'o'i kaɗan, ya riƙa fargabar za a guje shi, wani lokaci har ya ji wa kansa rauni. Tana shafar kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100, kuma takan fara bayyana tun lokacin samartaka.

Mene ne gwajin EEG?

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wutar lantarki ƙalilan. Gwajin EEG ne yake zana wannan motsi. Za a manna maka ƙananan wayoyi kusan 20 a fatar kai na minti 20 zuwa 40. Ba ya zafi, kuma ba a sa maka wuta a jiki.

Me ake gani a masu BPD?

Tun shekarun 1980 bincike ya nuna cewa ana samun sauye-sauye a EEG na wasu masu BPD fiye da sauran mutane. Wanda aka fi gani shi ne motsin lantarkin ya yi sanyi, ya gaza sau 8 a daƙiƙa, alhali mutum yana farke. Sai dai da yawa daga masu larurar gwajinsu lafiya lau yake fitowa. Haka kuma ciwon kai na buguwa, rashin barci da wasu magunguna suna iya kawo irin wannan sauyi.

Don haka ba da EEG ake gano BPD ba. Likitan ƙwaƙwalwa ne yake tantancewa bayan doguwar hira da kai. Sauyi a EEG shi kaɗai kuma ba ya nufin kana da farfaɗiya.

Yaushe ake buƙatar gwajin?

Likita zai nema idan kana suma, ko jijjiga, ko ka kan ɗauke na ɗan lokaci ba ka tuna abin da ya faru, domin wani nau'in farfaɗiya yana kama da haka. Faɗa masa duk maganin da kake sha, musamman tiramadol, wanda yake iya jawo jijjiga. Kada ka dakatar da magani da kanka kafin gwajin.

Magani

Babban maganin BPD shi ne zama da ƙwararre a kai a kai, kamar tsarin DBT da ke koyar da dabarun shawo kan fushi da damuwa. Yawancin masu larurar suna samun sauƙi sosai da tafiyar shekaru. Idan tunanin kashe kai ya zo maka ko wani naka, a je asibiti nan take.