Tarihin Sanin Itatuwan Magani a Arewacin Birnin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin yadda sanin itatuwan magani ya shigo unguwannin Kaduna da ke arewa da kogi, da irin sauyin da ya same shi bayan shigowarsa. Abin da muke son mu tabbatar shi ne, sunayen itatuwan sun shiga littattafai tun da daɗewa, amma ainihin sanin, wato lokacin ɗiba da awo da haɗi, har yanzu yawancinsa a kan mutane yake, mutanen kuwa tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Kafin Kafuwar Kaduna

A ƙasar Hausa ba mutum ɗaya ke riƙe da magani ba. Akwai wanzami da ungozoma da maɗori, akwai maharbi wanda daji ne gidansa, akwai boka da 'yar mai ganye, ga kuma malami. Kowannensu gadon abin ya yi, kuma da ƙafa ya koya, yana bin mahaifi ko maigida zuwa daji. A can ake nuna masa cewa ganyen sabara na tsayar da gudawa, saiwar rawaya ta shawara ce, sassaƙen maɗaci kuwa, duk da ɗacinsa, shi ake jiƙa wa mai zazzaɓi ko ciwon ciki.

Rubutu ma bai bar fannin a baya ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya wallafa littattafan magani da Larabci, ciki har da ɗaya a kan basur, da wani a kan amfanin filasko. Ke nan tun kafin zuwan Turawa malamanmu sun ga hikimar adana wannan ilmi a takarda.

3.0 Zamanin Turawa

Wani likitan gwamnatin mulkin mallaka, Dokta Dalziel, wanda ya yi aiki a lardunan Arewa, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa ya buga a 1916. A 1937 kuma ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda har gobe masu bincike ba su rabu da shi ba. Aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai akwai abin lura: itacen hano, wanda Bahaushe ya daɗe yana shan sassaƙensa, a yau sunan wannan likita yake ɗauke da shi a wurin masana kimiyyar tsirrai, alhali maharba da wanzaman da suka nuna masa itatuwan babu wanda ya san sunansu. Tura ta kai bango ke nan a wajen rashin adalcin tarihi: mai alƙalami ya shahara, mai sani ya ɓace.

A daidai wannan lokaci aka kafa Kaduna. A 1917 aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa bakin wannan kogi, a ƙasar da Gbagyi ke zaune tun asali. Soja da leburorin reluwe da ma'aikata da fatake suka yi ta kwararowa. Sunayen unguwanni kansu shaida ne: Unguwar Kanawa da Tudun Nufawa suna faɗa mana daga inda mutane suka fito, Kawo da Unguwar Rimi kuwa sunayen itatuwa suke ɗauke da su.

4.0 Sauyin da Birni Ya Kawo

Zaman birni ya haifar da abubuwa uku. Na farko, cuɗanya. Bakano da Banufe da Bafulatani da Bagbagyi da Bayarabe sun haɗu a kasuwa ɗaya, kowa ya ga abin da ke cikin jakar ɗan'uwansa. Har baƙin itatuwa sanin ya haɗiye. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, aka kuma fara dasa ta a Borno a 1928, ba a daɗe ba ta zama abin sirace ga mai zazzaɓin cizon sauro.

Na biyu, magani ya koma haja. A ƙauye mai magani sananne ne, idan jiƙonsa ya yi ɓarna an san ƙofar gidansa. A Kasuwar Kawo ko Babbar Kasuwa kuwa, sau da yawa mai sayarwa sari ya yi, bai ga itacen a tsaye ba. Idan sassaƙe ya bushe, balle a ce an daka shi, sai gwani ke rarrabe shi da waninsa. Nan haɗari yake, domin saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, idan aka zarce awo guba ce.

Na uku, daji ya yi nisa. Gine-gine sun cinye kurmin da ke kewaye da gari, gandun dajin Afaka ya ragu, masu katako da masu gawayi sun auka wa maɗaci da marke. Yaron da ya tashi a Malali ko Badarawa ba shi da dajin da zai bi kakansa ya koya.

5.0 Darasi Daga Waje

Ƙasar Sin ta nuna amfanin rubutu. Al'ummar Yi ta lardin Yunan tana da littafin magani da harshenta tun na shekarar 1566. Haka kuma daga wani tsohon littafin Sinanci Tu Yuyu ta samo hasken da ya kai ta ga fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro a 1972, daga wani tsiro ɗan'uwan tazargaden da muka sani, har aka ba ta lambar Nobel a 2015. Abin da ya taimake ta shi ne, littafin ya bayyana yadda ake sarrafa ganyen, ba sunansa kaɗai ba.

A nan gida, bayan taron Alma-Ata na 1978 gwamnati ta ƙara waiwayar fannin. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar da maganin sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, aka kuma yi yarjejeniya da shi a kan haƙƙinsa.

6.0 Kammalawa

Saboda haka muna kira ga malaman Hausa da na harhaɗa magunguna, musamman na Jami'ar Ahmadu Bello da makarantun Kaduna, su haɗa hannu su zauna da tsofaffin wanzamai da ungozomomi da maharba. A rubuta da Hausa, a faɗi sashen itacen da ake ɗiba, da lokacinsa, da awonsa, da wanda aka hana ya sha. A gwada a ɗakin bincike, a ware mai amfani daga mai cutarwa. Sannan a rubuta sunan mai sanin da yardarsa, kada abin da ya faru ga masu hano ya sake faruwa a hannunmu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.