Zare: Dodon Tafkin Ness da hoton da ya yi wa duniya wayo shekara 60

1/ Jiya maimakon in yi karatun jarabawa, na kwana ina bin labarin wani dodon ruwa. Ku matso ku ji.

2/ A ƙasar Sukotlan akwai tafkin da ake kira Loch Ness. Zurfinsa ya kai mita 230, ruwan kuma baƙi ƙirin, ko ka nutse ba ka ganin gabanka. A 1933 aka gyara hanyar mota a gefensa, sai jaridu suka fara buga cewa an hango ƙatuwar dabba a ciki.

3/ Jaridar Daily Mail ta tura wani maharbi, Marmaduke Wetherell. Ya dawo yana cewa ya ga sawun dodo. Da masana suka duba, ashe wani ne ya dangwala busasshiyar ƙafar dorina a taɓo. Jaridar ta yi masa tsiya a bainar jama'a.

4/ A 1934 sai ga hoto: dogon wuya da ɗan kai sun leƙo daga ruwa. Likita ne ya kai shi jarida, wa zai ce likita na ƙarya?

5/ Sai a 1994 asiri ya tonu. Christian Spurling, agolan Wetherell, ya amsa cewa shi ya ƙera kan ya liƙa a jirgin wasan yara. Ramuwar gayya ce kawai, likitan kuma aron sunansa aka yi.

6/ Masana ba su zauna ba fa. A 1987 an jera jiragen ruwa sama da 20 suna tura sauti ƙasan tafkin. Ba dodo.

7/ A 2018 Farfesa Neil Gemmell na jami'ar Otago ya ɗebi ruwan sau 250. Duk abin da ke rayuwa a ruwa yana zubar da ƙwayoyin halittarsa a ciki. Ba a samu na dangin ƙadangare ba ko ɗaya. Abin da ya yi yawa shi ne na wani dogon kifi mai siffar maciji.

8/ Abin da ya tsaya mini: mutum ɗaya ya ji haushi, duniya ta yi shekara 60 tana yawo da ƙaryarsa, alhali lokacin da aka ƙirƙire ta ko kwamfuta babu. To ina ga yanzu? Ni kaina na sha tura hoto a guruf saboda kawai an ce "wani likita ne ya faɗa".

9/ Bari in koma karatu, kada ni ma jarabawa ta tona mini asiri.