Sakkwato da Gobir: Takaddamar Kwarin Rima



Ɗaliban tarihin Turai sun san dogon rikicin sarakunan Ingila da na Faransa. Tun da Wiliyam, mai mulkin Nomandi, ya ci Ingila a 1066, sai sarkin Ingila ya zama yana da ƙasashe cikin Faransa waɗanda yake riƙe da su a ƙarƙashin sarkin Faransa. Aka ƙwace Nomandi a 1204, aka kuma yi yaƙi daga 1337 zuwa 1453. Ingilishi sun yi babbar nasara a Ajinko a 1415, amma da ƙura ta lafa ba abin da ya rage a hannunsu sai garin Kale. Nasarar fagen fama ba ta riƙe masu ƙasa ba.

Mu ma muna da irin wannan takaddama a nan kwarin Rima, inda Wurno da Rabah da Goronyo suke. Kafin jihadi, yawancin wannan kwari yana ƙarƙashin ikon Gobir, mai babban birni a Alƙalawa. A 1808 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Alƙalawa, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. Amma faɗuwar birni ba ta kashe da'awar Gobirawa ba, domin a ganinsu ƙasar gadonsu ce. Suka haɗa kai da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa, suka yi ta kawo hari.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya wannan ƙawance a Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Rauda na Maraɗi. Duk da haka, ba a daɗe ba Mayaƙi ya sake tara Gobirawa a Tsibiri. Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ya rasu a 1842 a hanyar komowa daga yaƙi da su. Har a 1853, sa'ad da Bature matafiyi Barth ya iso ƙasar Wurno, ya tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba cikin shirin fita yaƙin Gobir.

To, me ya sa kwarin ya tabbata ga Sakkwato? Amsar tana ga ribaɗi, wato garin tsaro a bakin iyaka. Bello ya mai da Wurno mazauninsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Ya ɗora 'ya'yansa a wasu garuruwan tsaro, kamar Shinaka da Lajinge. Ya ja hankalin Fulani makiyaya su zauna su yi noma, ya ƙarfafa sana'a da karatu. Mahari yakan kwashi ganima ya koma, amma manomin da ya shuka fadama yakan tsaya ya kāre ta. 

Gobirawa kuwa suka rabu. Ɗan Halima ya yi sulhu da Sakkwato ya kafa Sabon Birni, sauran suka ci gaba da zama a Tsibiri. Bayan Ingilishi sun ci Sakkwato a 1903, yarjejeniyarsu da Faransawa ta 1904 da ta 1906 ta bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya. Kamar yadda sarakunan Ingila suka riƙe laƙabin sarkin Faransa har 1801, haka sarautar Sarkin Gobir ta wanzu a ɓangarorin iyaka biyu.

Ya kamata masu riƙe da aikin hukuma su lura da wannan, musamman ganin yadda hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan. Korar mahari somin taɓi ne. Aikin bai cika ba sai manomi ya koma gonarsa, an ci kasuwa, yara sun koma makaranta.