Daga Ayarin Damargu zuwa Jirgin Sama Jannati

Masu ganin labaran yaƙi da soyayya a sararin samaniya a matsayin baƙon abu da Turawa suka jefo mana sun manta da tarihin wurare irin su Gangara. Garin yana cikin Damargu, ƙasar da take tsakanin Damagaram da Asbin, wadda ta daɗe tana ciyar da Agadas da gero. A da, ta nan ayarin Kano ke bi zuwa Tarabulus da fatu da gashin jimina. A Damargu ne Turawa masu yawon bincike Barth da Richardson da Overweg suka rabu a farkon 1851, kuma ta cikinta rundunar Faransawa ta Foureau da Lamy ta ratsa a 1899. Duk wanda ya bar zangon ƙarshe ya fuskanci arewa ya shiga fili marar iyaka, inda guzurin ruwa ke yanke wa mutum hukuncin rai ko mutuwa, jagora na karanta taurari da dare, mahara kuma na laɓe. Buzaye suna da taurarin da suke kira Amanar, wato jagora, Bahaushe kuwa ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya kuma aurar da Zara ga wata tun kafin a ƙera na'urar hangen nesa. Bafatake yana tafiya ya bar amarya ko budurwa a gida, ba wanda ya san ko zai komo. Doguwar tafiya da faɗa da bege, waɗanda su ne jarin marubutan labaran sararin samaniya a yau, abin hira ne a bakin wuta a wannan ƙasa tun ƙarni na 19.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya durƙushe, amma ƙishin irin wannan labari ya koma cikin takarda. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu labaran mutumin da ya fita daga duniyar da aka sani ya faɗa ƙasashen aljanu. A 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata, Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi yawon sama tare da wani mai suna Kolin Koliyo. Littafi ne da aka yi wa 'yan makaranta, don haka mamaki da ilimi ya sa a gaba. Soyayya ta samu nata gidan daga baya, a Kano ta shekarun 1980, da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu, sannan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a 1991. Littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini kuma suka riƙe takobi da matsafa da sarauniyoyi. Abin lura shi ne kowane sashe ya yi kasuwa shi kaɗai, amma marubutan da suka haɗa ukun a cikin kumbo ɗaya ba su taka kara sun karya ba.

Wani zai ce aljani daban, kimiyya daban, mai karanta labarin tsafi ba lallai ya so labarin injuna ba. Akwai gaskiya a nan, domin marubucin kimiyya dole ya yi bayanin yadda jaruminsa ke numfashi inda babu iska, alhali mai labarin aljanu zobe ɗaya ya ishe shi. Sai dai wannan ƙa'ida ta fi kusa da rayuwar madugu fiye da ta boka. Madugu mutum ne mai lissafi: salka nawa, raƙumi nawa, kwana nawa zuwa rijiya ta gaba. Mutanen da kakanninsu suka rayu da wannan lissafi ba za su sha wahalar gane fargabar matuƙin da iskar shaƙarsa ke ƙarewa ba.

Wasu kuma su ce shagala ce, yaron Damargu da ke fama da fari da ƙarancin makaranta ba ya bukatar tatsuniyar taurari. Irin wannan zargi aka yi wa littattafan soyayya na Kano, har aka kira su adabin kasuwa, amma su ne suka sa ɗimbin mata suka riƙe karatun boko bayan sun bar makaranta. A Nijar, inda Faransanci ya daɗe da mamaye aji, duk abin da zai ja matashi ya karanta Hausa da son ransa riba ce, ko da begen wata gimbiya ce a duniyar Maris ya jawo shi. Yanzu da ake sauraren littattafai ta rediyo da waya, har wanda bai iya karatu ba yana cikin kasuwar. Ya rage ga marubutan Damagaram da Damargu su ɗora inda Umaru Dembo ya tsaya, da madugai da mahara da masoyan ƙasarsu.